Yadda ake bin kifin kogin Isa da layar rediyo, daga ƙarshen ɗari zuwa faɗuwar damina

Wanda ya tsaya a kan gadar Kennedy ta Yamai a watan Janairu, ya sake dawowa a ƙarshen Mayu, zai rantse ba kogi ɗaya ya gani ba. Inda jirage suka bi sai ga tudun rairayi, shanu suna ƙetarewa zuwa Harobanda da ƙafa, yara sun kafa raga suna buga ƙwallo. To, kifin da ya cika wancan ruwa ina ya shiga? Masunta sun san wani ɓangare na amsar, domin sun san guraben da taru ke fitowa da nauyi. Amma taru yana gaya maka inda aka kama kifi ne kawai, ba ya gaya maka daga ina ya taso, kwana nawa ya yi a wurin, ko yana iya haye shingen da ya tare ruwa a Gudel idan ruwa ya ja. Amsar waɗannan tambayoyi sai an bi kifi ɗaya tilo, mako bayan mako, kuma hanyar da ta fi dacewa da irin koginmu ita ce rediyo.

Abin ba shi da sarƙaƙiya. Ana saka wa kifi, yawanci a cikin cikinsa ta hanyar ƙaramar tiyata, wata ƴar na'ura mai batir, tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba, da siririyar waya a bayanta kamar jela. Tana fitar da ƙara ɗaya, “tik, tik”, a kan zangon da aka ware mata, kai kuma kana saman ruwa da akwatin saurare da eriya. Masuntan da na fara aiki da su suka raɗa mata “laya”, kuma sunan ya fi duk wanda na gani a littafi, don haka shi zan riƙa kira.

Fara da kalandar kogi, ba ta littafi ba

Yawancin littattafan wannan aiki a Amurka, Kanada da Turai aka rubuta su. Can ana saka laya bayan narkewar ƙanƙara, ruwa na da sanyi, kifi na shirin hawa kogi don zuba ƙwai. Idan ka ɗauki watannin nasu ka ɗora a Yamai, za ka faɗa Afrilu, lokacin da iska ke wuce digiri 40, ruwan gefe kuma yakan kai 30. Ruwa mai ɗumi iskar numfashinsa kaɗan ce, ƙwayoyin cuta kuma suna saurin cin rauni. A wani dam na Namibiya an taɓa yi wa kifaye tiyatar laya a cikin ruwa mai ɗumi, aikin ya watse, wasu suka mutu wasu suka zubar da layar, har masu binciken suka buga rahoto a 2003 don kada wani ya maimaita.

Koginmu a Yamai sau biyu yake cika. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Sirba, Dargol da Goruwal ke kwararo shi daga ɓangaren Burkina. Akwai kuma ruwan Gine, wanda yake daɗewa a fadamun Mali kafin ya iso mu, ya kai ƙololuwa wajen Janairu. Daga nan sai ja, har zuwa Mayu da Yuni. A Yunin 1985 ma kogin ya daina gudu gaba ɗaya a Yamai. Saboda haka lokacin saka laya shi ne Fabrairu zuwa farkon Maris: ruwa ya fara sauka ana iya kama kifi, sanyin hunturu bai gama fita daga jikinsa ba, rauni zai warke kafin zafi ya kankama. Bazara ta bi ce, ba ta yanka ba.

Kafin ka sayi komai, rubuta tambayarka a jimla ɗaya. Misali: “Ina ramboshin da ke tsakanin Bubon da Saga yake fakewa daga Maris zuwa Yuni, kuma yaushe yake tashi?” Wannan jimla ce za ta faɗa maka irin kifi, girman batir da tsawon kogin da za ka riƙa bi. Da yake an fara ginin madatsar Kandaji, kusan kilomita 180 sama da Yamai, irin wannan sani na kafin a tare ruwa ba zai sake samuwa ba bayan an tare.

Takardu, da gaisuwar da ta fi takarda

Izini uku kake bukata. Na farko, na kamun kifi don bincike, daga hukumar kula da su da kiwon kifi ta ma'aikatar muhalli, tare da sanar da jami'an ruwa da daji na yankin. Na biyu, na zangon rediyo, daga ARCEP, hukumar kula da harkokin sadarwa, kuma ka nema tun kafin ka yi odar kaya, domin zangon da aka ɗora wa laya a masana'anta ba ya canzuwa. Takardar za ta yi maka amfani a duwan ma. Na uku, sanar da jami'an tsaro a rubuce. Mutum a cikin jirgi yana nuna eriya wajen gada ko wajen manyan gine-ginen gwamnati da ke bakin kogi, a halin da ƙasa ke ciki, ba sai an faɗa maka yadda za a kalle shi ba. Kwafin takardun ya zauna cikin leda a jirgi kullum. Sassan Tillaberi da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci kuma ka cire su daga shirinka, ko da kifinka can ya nufa.

Sai sarkin ruwa. Ka je da kanka, da goro, da laya ɗaya da akwatin saurare. Ka ba wani yaro ya ɓoye layar a bayan gida, ka nemo ta a gabansu. Daga nan zance ya sauƙaƙa. Abin da za ku daidaita a kai shi ne: wanda ya kama kifi mai jela a ciki, idan da ransa ya sake shi ya kira waya, idan ya mutu ya ajiye layar ya faɗi inda ya kama shi da ranar. A kowane hali akwai tukuici. Ku yanke adadinsa tare, kada ya yi ƙanƙantar da ba za a ɓata kati a kira ka ba, kada kuma ya fi kuɗin kifin nesa har a koma farautar masu laya. A bakin kogin Yamai akwai Sarkawa, da Zabarmawa, da baƙi daga Mali da Najeriya, saboda haka sanarwar ta tafi da Hausa da Zabarmanci, baki da baki.

Wane kifi?

Giwan ruwa kowa ke so ya bi, amma shi ya fi wuya: yana son zurfi, zurfi kuma shi ne maƙiyin rediyo, ga shi ba ya jure taɓawa. Tarwaɗa da ramboshi suna da taurin rai, sai dai dangin tarwaɗa suna da wata dabara ta jiki: nama yakan lulluɓe layar, hanji ya haɗiye ta, ta fita ta dubura kamar ba a yi ba. An gwada wannan a kan ramboshi a ɗakin bincike an tabbatar. Tsage kuwa, a kogin Zambezi masu bincike na Namibiya da Norwe sun bi ɗan'uwansa da layar da ake ɗaurawa a waje, ƙarƙashin fiffiken baya. Layar waje ba ta bukatar yanka, amma a ruwan da ke da burgu da kainuwa da raga ko'ina, tana saurin sarƙewa. Bargi yana da daɗin bi domin ba ya nisa da ciyawa, kuma da ruwa ya hau yake shiga fadama ya yi sheƙa. Kurungu yawanci ya yi ƙanƙanta.

Shawarata, ka ɗauki iri ɗaya ka sa wa guda 20 zuwa 30. Biyar-biyar daga iri huɗu, bayan wata biyu kowane iri saura biyu ko uku, ba abin da za ka iya faɗa da su.

Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce nauyin laya kada ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin kifi. Laya mai giram 10 ke nan sai kifi mai giram 500 zuwa sama. A ruwanmu mai ɗumi na fi son in ninka, in nemi mai kilo ɗaya.

Kayan aiki

Lotek da Sigma Eight a Kanada, da ATS a Amurka, suna cikin sanannun masu ƙera layu. Yawancin na kifi suna aiki a kusa da megahaz 150. Iri biyu ne. Akwai wadda kowace ke da zangonta, ana barin tazarar kilohaz 10 tsakaninsu, kunnenka ne ke ji. Akwai mai lamba, wadda da yawa ke zama a zango ɗaya akwatin yana karanta lambar kowace. Ta fi sauri amma ba ta aiki sai da akwatin kamfaninta. Idan kuɗi kaɗan ne, ta farko ta isa. Abu biyu za ka roƙa a odar: batir da zai kai aƙalla wata tara, don ya ga jan ruwa, da alamar mutuwa, wato bugun ya ninka sauri idan layar ta yi wasu awanni ba ta motsa ba. Ka sani duk yadda bugun ya yi sauri, haka batir ke saurin ƙarewa.

Sauran: akwatin saurare da abin sawa a kunne, eriyar Yagi mai sanda uku wadda ake naɗewa, kebul biyu (ɗaya zai tsinke, ba makawa), GPS, kamfas, ma'aunin zafin ruwa, igiya mai dalma da aka yi wa ƙulli kowace rabin mita don auna zurfi, sikeli, da alƙalamin auna gishirin ruwa. Wannan na ƙarshe kada ka raina shi. Rediyo ba ya ratsa ruwa mai gishiri ko kanwa. Idan ma'aunin ya haura 500 µS/cm nisan ji yana faɗuwa sosai. Ruwan kogin Isa gishirinsa kaɗan ne, shi ya sa dabarar ta dace da shi, amma wasu tafkunan jihar Tawa da na dallol sai ka auna tukuna kafin ka kashe ko dala.

Gwajin nisa, kwana biyu kafin kifi

Kowace laya tana zuwa da maganaɗisu manne a jikinta. Cire shi ne kunnawa. Kunna su ɗaya bayan ɗaya, ka nemo daidai inda kowace ta fi fitowa a akwatin, ka rubuta, domin takan kauce da kilohaz ɗaya ko biyu daga abin da ke kan takarda, kuma zafin ruwa na ƙara kautar da ita. Ka mayar da maganaɗisun.

Sai ka ɗauki ɗaya ka ɗaure a igiya, ka nutsa ta mita 1 a tsakiyar kogi. Jirgi ya yi ta ja da baya har ƙarar ta ɓace, ka rubuta nisan da GPS. Maimaita a mita 3, da mita 5, da gindin gurbin da ya fi zurfi a yankin. Za ka ga yadda nisan ke karyewa: wadda ake ji daga nesa tana kusa da sama, a mita 5 sai ka kusa hawa kanta. Ka yi gwajin da injin a kunne da kuma a kashe, domin fulogin injin jirgi yana zuba tsatsa a kunne. Ka bi yankin duka kana saurare babu laya, ka gane wuraren hayaniya: ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, kusa da gadoji, kusa da injinan ban ruwa na gonakin shinkafar Saga da Kirkisoy. Wanda ya tsallake wannan mataki, ranar da ya rasa kifi ba zai san ko kifin ne ya tafi ko kunnensa ne bai kai ba.

Kamu da tiyata

Nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a nan.

Kifin da ya kwana a raga ko ya haɗiye ƙugiyar mamari ba na laya ba ne, ko da yana motsi. Ka nemi na gura ko na birgi, wanda aka ɗaga da asuba. A sa shi cikin keji na raga mai laushi a cikin kogin, a inuwa. Wanda ɓawonsa ya zube, ko idonsa ya yi fari, ko cikinsa ya kumbura da ƙwai, a mayar wa mai shi. Teburin aiki a bakin ruwa, ƙarƙashin rumfa, kuma a gama kafin ƙarfe tara na safe. Mutum uku: mai yanka, mai kula da numfashin kifi, mai rubutu da agogo. Mai yankan ya riga ya koya a kan matattun kifin kasuwar Jamaje, goma ko fiye, gara ma a gaban likitan dabbobi, har ɗinkinsa ya zauna.

1. Haɗa maganin barci. Man kanumfari shi ya fi samuwa. Ba ya narkewa a ruwa, sai ka haɗa kashi ɗaya nasa da kashi tara na alkol ɗin famasi. Mililita 10 na wannan haɗi a ruwan kogi lita 20 yana ba da kusan miligiram 50 a lita. Ka yi baho na biyu mai rabin wannan ƙarfi, da na uku na ruwa zalla. Gwada a kan kifi ɗaya da ba za a sa wa laya ba, domin a ruwa mai ɗumi maganin yana saurin kamawa.

2. Jiƙa laya, wuƙar tiyata, hantsaki da allura cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan ka ɗauraye su da ruwan gishirin asibiti. Betadine ko alkol kada su shiga cikin kifin. Cire maganaɗisun, ka ji bugun a akwatin, mai rubutu ya karanta lambar da ƙarfi. An sha ɗinke kifi da laya a kashe.

3. Sa kifin a bahon farko. Cikin minti uku zuwa biyar zai kife, murfin kunnensa na motsi a hankali, in ka matsa gindin jelarsa ba ya zabura. Tarwaɗa da ramboshi da bargi suna shaƙar iska a sama, don haka sukan ɗauki lokaci. Ka yi haƙuri, kada ka ƙara magani da garaje. Auna nauyi da tsawo da sauri.

4. Kwantar da shi rigingine a kan soso jiƙaƙƙe mai kwari a tsakiya. Abokin aikinka ya riƙa zuba ruwan baho na biyu ta bakinsa da ƙaramin tiyo yana fita ta kunnuwa. Safar hannu a jiƙe, kada a goge yauƙin jikinsa, shi ne garkuwarsa.

5. Yanka santimita 2 zuwa 3, ɗan gefe kaɗan da tsakiyar ciki, gaban fikafikan ciki. Idan mai ɓawo ne, cire layi ɗaya kawai. Ɗaga fatar da hantsaki kana yanka don wuƙa kada ta taɓa hanji.

6. Hanyar jela. Zura ƙaramin bututu ko ƙarfe mai kwari ta cikin yankan zuwa baya, ya zama garkuwa ga kayan ciki. Soka doguwar allura mai rami daga waje, ƴan santimita bayan yankan, ta sauka kan garkuwar. Zura wayar ta cikin allurar ta fito waje, ka zare allurar, ka tura layar ciki a hankali. Wayar kada ta fito ta bakin yankan kansa, domin motsinta zai hana shi haɗewa.

7. Ɗinki biyu ko uku, kowane da ƙullinsa, da zaren tiyata mai silili ɗaya wanda ke narkewa. Zare mai saƙa yana jan ƙwayoyin cuta. Leɓunan yankan su haɗu kawai, kada ka ɗaure tamau. Nama zai kumbura, zaren ya yanke shi.

8. Soka ƴar alamar roba mai lambar wayar aikin a gindin fiffiken baya, don masunci ya gani tun kafin ya fasa ciki.

Daga kwantarwa zuwa ƙullin ƙarshe kada ya wuce minti biyar. Mayar da shi ruwa zalla, ka riƙe shi kansa na fuskantar gudun ruwa har ya miƙe ya ƙwace da kansa. Masu shaƙar iska a sa su inda ruwa bai da zurfi, su iya kai baki sama. Ka sake shi a daidai inda aka kama shi, cikin awa ɗaya ko biyu. Tsare shi kwanaki a keji wahala ce kawai. Kuma a faɗa wa masunta kada a ci mai alama a makonni ukun farko. A Amurka, ga wani maganin barcin kifi mai suna MS-222, kwana 21 doka ta sa a jira, ni ma wannan nake bi ko da kanumfari na yi aiki.

Bi

Kwana goman farko ka bi don ka san suna raye, amma kada ka gina hukunci a kai. Kifin da ya sha wuƙa yakan kwanta ko ya gangara da ruwa.

Daga nan ka tsayar da rana, sau biyu a mako, hanya ɗaya, tsawo ɗaya, ko ka ji su ko ba ka ji ba. A fita bayan sallar asuba. A shekarun nan azumi na faɗowa a wannan tsakani, wanda ya kai sha ɗaya a kan ruwa a Maris zai ba da labari.

Lissafin gudun jirgi: idan layu 20 ne, akwatin na tsayawa daƙiƙa 4 a kan kowace, zagaye ɗaya daƙiƙa 80 ne. Jirgi mai kilomita 10 a awa yana cin kusan mita 220 a wannan lokaci. Idan gwajinka ya nuna a gurbi mai zurfi ba a ji sai a mita 100, ka wuce kifin ke nan kafin zangonsa ya zagayo. Saboda haka a kan gurabe a kashe injin, a bar ruwa ya ja jirgin, a yi zagaye biyu cikakku.

Da ka ji bugu, tsayar da akwatin a kan zangon. Juya eriya a hankali, ka gane inda ƙarar ta ɓace a dama da inda ta ɓace a hagu. Kifin na tsakiya. Wannan ya fi neman inda ta fi ƙarfi, domin kunne ya fi gane ɓacewa. Yagi tana ji ta ƙeya ma kaɗan, don haka ka juya baya ka tabbatar ba kishiyar hanya ka nufa ba. Matsa da filafili, kana rage ƙarfin jin akwatin duk lokacin da ƙarar ta cika kunne. Idan ka rage har ƙasa, ka nuna eriya cikin ruwa, ƙarar na zuwa ta ko'ina, sannan ta koma bayanka, to ka bi ta kansa. Danna GPS a nan. Sabon shiga kullum ƙarawa yake yi maimakon ragewa, sai kogin duka ya zama kifi.

Inda jirgi ba ya shiga, ko inda dorina ta kafa zango, a yi daga tudu: tsaya wuri biyu, ɗauki GPS da kusurwar kamfas a kowane, layukan biyu su gicciye kusan a miƙe, tsakanin awon biyu kada ya wuce ƴan mintuna. Maganar dorina ba wasa ba ce, gurbin da kifi ke so a bazara shi take so. Idan mai tuƙi ya ce ba a shiga, ba a shiga. Shiga ruwan gefe da ƙafa kuma sai da dogon takalmin roba, saboda tsargiya. Daga ƙarshen Mayu, da hadari ya haɗo a gabas, naɗe eriya. Sandar ƙarfe ce kake ɗagawa sama a tsakiyar fili.

Ko wata sau ɗaya, zaɓi kifi uku ko huɗu ka bi su awa 24, kowace awa biyu. Dangin tarwaɗa da dare suke yawo, wanda ke bi da safe kawai zai rubuta cewa ba sa motsi. Wannan sai da sanin jami'an tsaro na musamman.

Idan da hali, kafa tasha a wuri ɗaya ko biyu da kogi ya matse, kamar sama da ƙasan shingen Gudel: akwatin da ke rubutawa da kansa, batir mai bolt 12, faifan sola, eriya biyu, ɗaya na kallon sama ɗaya ƙasa, don jerin jin ya nuna inda kifin ya dosa. Akwatin ya zauna a inuwa mai iska, a gidan wani ko lambun da ke da mai gadi, sama da inda ambaliyar 2020 ta kai, shekarar da ma'aunin Yamai ya taɓa mita 7. Nutsa laya ɗaya kusa da tashar ta zauna dindindin. Ranar da babu ita a rubutun, tashar ce ta mutu. A goge ƙurar faifan duk zuwa.

Laya ta tsaya wuri ɗaya

Sau uku a jere a wuri ɗaya ba ya nufin mutuwa. A Mayu kifi na iya yin makonni a gurbi guda. Saurari ƙarar: ta mai rai tana hawa tana sauka yayin da yake juyawa, ta layar da ke kwance a laka ba ta canzawa. Buga gora a ruwa kusa da shi ka ji ko zai gusa. Wata rana na bi bugu mai ƙarfin gaske, ina murna, har eriya ta fitar da ni daga ruwa, ta haye gaɓa, ta tsaya a ƙofar wani gida inda ake banda. Dattijon gidan ya dube ni ya ce, “Ɗana, ai da ka yi sallama tun daga nesa, ga layarka can a rataye, jiya yara suka ce a kira ka kati ya ƙare.” Na biya tukuicin, na rubuta wurin kamu da ranar. Irin wannan ma sakamako ne: yawan layun da suka dawo ta hannun masunta yana nuna irin matsin da kifin ke sha a bazara.

Rubutu

Kowane ji layi ɗaya: rana, lokaci, lambar laya, GPS, ƙarfin ƙara, zurfi, zafin ruwa, irin wurin (dutse, rairayi, laka, burgu, gindin itace), da tsayin kogi na ranar a ma'aunin Yamai, wanda ABN, hukumar ƙasashen da ke yankin kogin Isa, mai hedikwata a nan garin ke fitarwa. Wanda aka nema ba a ji ba shi ma a rubuta shi, tare da inda bin ya fara da inda ya tsaya. Da fensir, a takarda, a ɗauki hotonta da waya kafin a bar bakin ruwa, a shigar a kwamfuta a daren.

A QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta wadda kyauta ce, zana tsakiyar kogin ka mayar da kowane wuri kilomitar kogi, domin kifi ba ya yanke kwana ta tudu. Sannan ka jera kilomitar kowane kifi a kan kwanan wata, ka ɗora tsayin ruwa a kai. A nan za ka ga ranar da suka taru a gurabe, da ranar da ruwan farko mai ja ya tashe su.

Taswirar guraben kuwa kada ka saka ta a Facebook ko rukunin WhatsApp da lambobin GPS. Gurbi uku da ke riƙe da iyayen kifin yanki guda, taru ɗaya na dare ya ishe su. Ka kai ta zauren sarkin ruwa tare da jami'in ruwa da daji, a buga a babbar takarda, a kira kowane gurbi da sunan da masunta suka san shi da shi, su faɗi wanda za a huta da shi daga Afrilu zuwa hawan ruwa. A rahoton da zai fita waje, ka ba guraben lambobi.